Sabuwar a-kori-kura na yoyon baƙin mai? Karɓi takarda kafin ka bar gareji

Ƙannena da kuka shigo Amurka kuna aikin gini ko jan tirela, kuna cin bashin banki kuna sayen manyan a-kori-kura masu shan dizal, don Allah ku saurare ni. A Houston nake, motata sabuwa dal na saye ta, amma ba a je ko'ina ba ta fara ɗigar da baƙin mai, da safe ka tarar da tabo kamar kwabo a kan siminti daidai inda inji ya haɗu da giya. Na kai wa dila, wani ya leƙa ƙasa ya goge da tsumma ya ce ɗan gumi ne kawai duk injin dizal haka yake, ni kuma da kunyarmu ta gida na yi godiya na tafi ba tare da takarda ba. Toh a wurin hukuma wannan zuwan tamkar ban taɓa yinsa ba ne.

Jihar Texas tana da dokar da ake kira Lemon Law, mai kare wanda ya sayi sabuwar mota mai matsalar da ta ƙi gyaruwa, hukumar kula da motoci ta jihar ce ke sauraron ƙorafin, kuɗin shigar da shi dala 35 ne kacal. Idan an gyara matsala ɗaya sau huɗu cikin wata 24 ko mil 24,000 na farko ba ta daina ba, ko motar ta yi kwana 30 a gareji ba su ba ka wata irinta ka hau ba, za a iya sa kamfani ya karɓi motarsa ya biya ka ko ya canza maka. In matsalar mai haɗari ce ga rai sau biyu ma ya isa. Amma duk da takardar gyara ake ƙirgawa, mai kwanan wata da lambar mil da abin da ka faɗa da bakinka, saboda haka ka karanta kafin ka sa hannu, in sun rubuta "mun duba ba mu ga komai ba" ka nuna hoton wayarka a ƙara. In man na zuba kan turbo (na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska) ko salansa yana hayaƙi wallahi ka matsa a rubuta, don wannan maganar gobara ce.

Da na gaji da zirga-zirga sai na kai wa wani bakanike ɗan uwanmu ya shafa gam a bakin gasket, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin ƙarafan inji don hana yoyo. Niyyarsa mai kyau ce, amma gyaransa ba ya shiga lissafi, kuma ya ba dila abin fakewa. Abin da ya kamata in nema shi ne su zuba kala a cikin mai su haska da fitila a ga ainihin inda yake fitowa, sil ɗin bayan inji ne (robar da ke tare mai) ko bututun man turbo ko kaskon mai, su kuma duba filtar numfashin inji, domin in ta toshe iska ce ke taruwa ciki tana turo mai waje, ka canza sil goma ma zai dawo.

Abin da ya fi ci min rai shi ne lokaci. Garantin injin dizal yakan kai shekara 5 ko mil 100,000 sai ka saki jiki, alhali a Texas wata shida kawai kake da shi na shigar da ƙorafi bayan ka cika wata 24 ko mil 24,000, duk wanda ya riga, kuma mai jan kaya kullum ai mil 24,000 kafin shekara ya cinye. Tun a gyara na biyu ka aika wa kamfanin da ya ƙera motar wasiƙa ta rajista, ba dila kaɗai ba, dokar tana son a ba su dama su gyara.

Kowace jiha da tata ƙa'idar, California wata 18 ko mil 18,000 ne, wasu ma ba sa ɗaukar mota mai nauyi sosai ko ta sana'a. In lokaci ya wuce maka akwai dokar tarayya ta Magnuson-Moss ta 1975, in ka yi nasara kotu na iya ɗora wa kamfani kuɗin lauyanka, shi ya sa lauyoyi da yawa ke duba takardunka kyauta.