Daren da aka ɗauke ni ɗan ƙwaya a Kano

Na baro Damagaram na shigo Kano a 2022, wani Alhaji aminin marigayi babanmu ya ɗauke ni yaron shago a Kantin Kwari. A Fagge muke kwana, mu huɗu a ɗaki ɗaya, kuma babu wanda ya san ina da farfaɗiya. Tun ina ɗan shekara 12 nake shan Gardénal, ƙwaya ɗaya kowane dare, rabona da faɗuwa kuwa an fi shekara shida. Inna ce ke saye a farmasi, ta ƙulle a leda tare da ɗan kilishi da dabino, ta ba wani direban garinmu ya kawo mini.

Sai aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka, direban ya daina zuwa. Ina ji ina gani maganin ya ƙare. Kwana uku ban ji komai ba, har na fara cewa ko Allah ya yaye mini ne. Daga nan barci ya ƙaurace mini, hannu ya soma rawa.

Bayan sallar isha'i na shiga wani kemis. Na ce Gardénal nake so, mai shagon ya ce bai san shi ba. Na miƙa masa tsohon kwalin da takardar likita da aka rubuta da Faransanci, duk ta yage a wajen ninki. Ya karanta ƙaramin rubutun da ke jikin kwalin, ya ɗago ya kalli jan idona, ya kalli hannuna.

"Malam, daga ina kake?"

"Daga Nijar."

"Ku ne kuke ƙetarowa kuna lalata mana yara. Fita mini daga shago."

Akwai wata mata da goyo a wajen, da wani dattijo yana jiran canji. Kalma ɗaya ce za ta wanke ni, amma ta ƙi fita daga bakina. Na gwammace a ce mini ɗan ƙwaya da in furta farfaɗiya a gaban baƙin ido, wannan ne har yau yake ci mini rai. Hana ni ɗin bai yi laifi ba, maganin ba na sayarwa kara zube ba ne, kuma na san yadda ƙwaya da kodin suka ci matasan garin nan. Amma da ya tambaye ni mene ne ciwona.

Ranar kwana na takwas, ina ɗauke da bandir ɗin shadda, na ji wani wari kamar ana ƙona roba. Ban sake sanin inda nake ba sai da na buɗe ido na ga ƙafafun mutane sun yi da'ira can nesa, wani yana cewa a kula kada yawuna ya taɓa kowa. An cusa mini cokali a baki har haƙorina ya gutsure. Alhaji kaɗai ne a durƙushe, ya tuɓe babbar rigarsa ya tallafe kaina da ita.

Shi ya kai ni Asibitin Malam Aminu Kano. A can na fara jin abin da na shekara goma ina haɗiya ban sani ba. Likitan ya ce ainihin sunan maganina fenobabiton, tun 1912 ake ba masu farfaɗiya shi. Aikinsa ƙara wa wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna GABA ƙarfi, wanda shi ne birkin jijiyoyi. Yana daɗewa a jini, sai an yi kwana uku zuwa huɗu kafin rabinsa ya fita, shi ya sa na ɗauka na warke. Ƙwaƙwalwar da ta saba da birkin nan, in aka zare shi farat ɗaya, sai ta ɓalle, wani lokaci faɗuwa kan faɗuwa har rai ya salwanta. Ya ce yawu ba ya yaɗa ciwon, cokali kuma cuta ne, a kwantar da mutum ta gefe kawai.

Da ya ji zancen warin roba da yawan gyangyaɗin da nake yi a shago, sai ya mayar da ni kan tsohon maganin, ya fara ɗora mini Tegretol kaɗan-kaɗan. Shi wannan ƙofofin da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga jijiyoyi yake tarewa don kada jijiyoyin su yi ta harbawa babu tsayawa. An yi watanni ana rage wancan ana ƙara wannan. Na sha jiri, na ga abu ɗaya ya zama biyu, daga baya ya wuce. Ya gargaɗe ni in na ga ƙuraje a jikina in dawo a ranar.

Yanzu makullin shago a hannuna yake, ni nake buɗewa ni nake rufe lissafi. Ɗaya daga abokan ɗakina ya ware kofinsa, ban ce masa komai ba. Da dare in na haɗiye ƙwayata sai in tuna muryar Inna tana tambaya daga tsakar gida ko na sha.

Ƙanwata ce ke hana ni barci yanzu. Ita ma tana da farfaɗiya, Dépakine take sha, kuma an sa ranar aurenta. Likitan ya faɗa mini cewa in mace ta ɗauki ciki tana kan wannan magani, kusan jariri 1 cikin 10 na zuwa da nakasa, 3 zuwa 4 cikin 10 kuma suna samun jinkirin magana da fahimta. Akwai wasu magungunan da suka fi shi sauƙi ga mai ciki, amma likita ne zai canza, a hankali, kafin cikin ya shiga, kuma kada ta kuskura ta daina da kanta.

Na kira Inna na yi mata bayani. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ka rufa mana asiri, kada dangin mijin su ji." Na ce, "Inna, ni ma rufin asirin nan ne ya kayar da ni a tsakiyar Kwari." Ta ce za ta yi shawara da kawu.

An buɗe iyaka tun watan Maris na 2024. Na roƙi Alhaji hutun mako guda, ya ba ni har da kuɗin mota. Jibi zan bi ta Daura in tafi, ni da kaina zan kai ta wajen likita kafin a kawo lefe.