Godiya bayan ziyarar Laburaren Majalisar Dokokin Amurka

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, na dawo lafiya, kuma burin da na shekara da shekaru ina damun ku da shi ya cika: na taka ƙafata cikin babban laburaren nan na birnin Washinton. Saƙonninku sun fi ƙarfin in bi ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na haɗa godiyar a nan.

Ta farko ta yayata ce, wadda ta sauke ni, ta ajiye aikinta ta raka ni. Yaya, kin yi haƙuri da ni. Na ce miki awa biyu ta isa, sai ga shi ma'aikata ne suka sallame mu. Allah Ya saka miki da alheri, Ya raya zuri'a.

Ginin da muka shiga, wanda aka buɗe a 1897, shi ne mai sunan Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku. Daga bene muka leƙa babban zauren karatu, kujeru zagaye da juna a ƙarƙashin wata ƙubba mai tsayin ƙafa 160. Kyau kam akwai shi, amma ba nan ne ya kama zuciyata ba.

Abin da ya tsayar da ni shi ne ɗakin littattafan Jefferson. A 1814 sojojin Birtaniya suka cinna wa ginin majalisa wuta, laburaren da ke cikinsa, wanda aka kafa a 1800, ya ƙone. Shekara na zagayowa Jefferson ya sayar wa majalisa da nasa littattafan guda 6,487. Ana cikin haka, a 1851 wata gobarar ta lashe kusan kashi biyu cikin uku nasu. Yanzu an sake jera su cikin kantocin gilashi a kewaye. Wanda ke da koren zare a jikinsa, ainihin wanda hannun mutumin ya taɓa ne. Mai zare ruwan zinare kuwa sayo irinsa aka yi daga baya. Inda har yau ba a samu ba, sai aka ajiye kwali da sunan littafin, yana tsare masa gurbi. Wallahi kwalayen nan na fi daɗewa a gabansu. Sama da shekara 170 da gobara, mutane ba su fid da rai ba, suna ta cigiya.

Ina kuma gode wa ma'aikaciyar nan ta sashen Afirka da Gabas ta Tsakiya, ko sunanta ban tambaya ba, abin da ke damuna har yanzu. Ita ta buɗe mini hotunan rubutun Umar ibn Sa'id a kwamfuta, malamin Futa Toro, yankin kogin Senegal, da aka kama aka sayar bawa a Amurka. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, ya buɗe da Suratul Mulk. Bawa, a hannun wanda ke cewa ya mallake shi, ya fara da ayar da ke cewa mulki na Allah ne. Sai da na cire tabarau na goge ido, ita kuwa ta yi kamar ba ta gani ba.

Sai malaminmu na firamare da ke ba ni mabuɗin kabad ɗin littattafai ranar Juma'a, ya ce in dawo da abin da na ɗauka ranar Litinin. Littattafan ba su kai ɗari ba, rabi duk bango ya yage. Malam, Allah Ya jiƙan ka, Ya sa aljanna ce makoma.

Masu tambaya ko ana barin baƙo ya zauna ya yi karatu: ana bari. Duk wanda ya kai shekara 16 da katin shaida mai hoto, ana yi masa katin mai karatu kyauta. Fasfo na miƙa aka yi mini nawa. Yana nan cikin jaka, hoton bai yi kyau ba ko kaɗan, don haka kada wanda ya ce in ɗora shi a nan.