Kafin ka haɗa tarwaɗar Ostiraliya da wasu kifaye a tanki ɗaya

Ƙannena masu sha'awar ajiye kifin ado a tankin gilashi, akwai wata tarwaɗa da nake so mu yi magana a kanta kafin ɗayanku ya sa hannu a aljihu. Asalinta Ostiraliya ne, daga kogunan yankin Murray-Darling da waɗanda ke gangarawa teku ta gabashin ƙasar. Sunanta a kimiyyance Tandanus tandanus, a shago kuwa tandan ake ce mata. Da ka gan ta za ka shaida ta: kai irin na tarwaɗa, gashin baki guda 8, fata sumul babu ɓawo. Daga tsakiyar jiki zuwa baya sai ta siranta, fiffiken sama da na wutsiya da na ƙasa duk sun haɗe wuri guda, kamar wutsiyar gaiwa. Idan tana iyo, jikin ne gaba ɗaya yake lanƙwasa. Wannan rangajin nata shi ya ja hankalina, kuma na san ku ma shi zai ja naku.

A shago za a nuna maka ita ƙarama, ba ta wuce tsawon yatsa ba, tana laɓe cikin guntun bututu. Da na tambayi mai shago ko za ta zauna da sauran kifayena, ya ce ba ta da faɗa. Bai yi mini ƙarya ba. Ni ne ban iya tambaya ba. Abin da ya kamata in ce shi ne: nan da shekara biyu, yaya girman bakinta zai kasance?

Tandan tana kai santimita 40 zuwa 50 ba tare da wata wahala ba, a kogi kuma an sami waɗanda suka kusa santimita 90, nauyinsu wajen kilo 6. Cikin tanki ba ta cika kai wannan ba, amma kada ku saurari masu cewa kifi gwargwadon tankinsa yake girma. Abin da ƙaramin tanki yake yi shi ne ya tsumburar da shi, ya nakasa shi, ya gajarta masa kwana. A ganina, wanda ba shi da wurin ajiye tanki mai tsawon santimita 180 da faɗin 60, wato abin da zai ci ruwa wajen lita 650, ya haƙura da ita tun yanzu. Faɗin ya fi tsayin muhimmanci, domin a ƙasa take rayuwa, kuma tana bukatar inda za ta juya ba tare da ta goga gashin baki a gilashi ba.

To, ga inda na tafka asara. Na zuba ta cikin tankin da ke cike da ƙananan kifaye, su neon tetra da gofi da 'yan jatan-lande na ado. Watannin farko lafiya lau. Da rana tana cikin kogonta, ba ta ko kallon kowa. Daga baya sai na lura garken tetra yana raguwa. Babu gawa, babu alamar cuta, kawai in ƙirga yau in ga an rasa ɗaya. Na zargi filita, wato na'urar tace ruwa, na buɗe ta ban ga komai ba. Na zargi ruwa, na gwada shi, ƙalau yake. Ruwa dai ba ya tsami banza. Sai da na zauna gaban tankin cikin dare da tocila mai jan haske, wanda bai cika damun kifi ba, sannan na ga abin da ke faruwa. Ƙananan kifaye idan sun yi barci ƙasa suke sauka, su yi lamo kusa da yashi ko cikin ganye. A daidai lokacin ita kuma ta fito kiwo, tana shara da gashin bakinta lungu-lungu. Ba ta kora, ba ta cizo. Duk abin da gashin ya taɓa, in dai zai shiga baki, zuƙe shi take yi ta wuce.

A kogi ma haka take ci: jatan-lande, tsutsar ƙwari, tana, dodon-koɗi, da ƙananan kifaye idan sun faɗo. Don haka maganar "mai faɗa ce ko mai zaman lafiya" ba ta ma taso ba. Ma'aunin da nake amfani da shi yanzu guda ne: in dubi kifin da nake son sakawa, in tambayi kaina ko zai wuce ta bakin tandan idan ta cika girma. Tsawo kaɗai ba ya ceton kifi. Siririn kifi mai santimita 10 zai iya tafiya, amma mai faɗin jiki daga sama zuwa ƙasa zai gagara haɗiya.

Wannan ne ya sa manyan kifayen bakan gizo, waɗanda ake kira rainbowfish, suka fi dacewa da ita. Yawancinsu 'yan Ostiraliya da tsibirin New Guinea ne, irin ruwan da take so shi suke so, suna yawo a tsakiya da saman tanki, ita kuma ƙasa tata ce. Melanotaenia splendida da jan nan Glossolepis incisus suna kai santimita 12 zuwa 15, kuma mazansu idan sun manyanta suna yin doro da faɗin jiki. Amma a saye su manya, a kuma saka su da yawa, kada su gaza shida. Wanda ya zuba 'ya'yan bakan gizo gaban tandan da ta riga ta girma, abinci mai tsada ya saya mata. Su ma manyan, idan ta haura santimita 40, sai an sa ido. Kifin da ake kira silver dollar, ɗan Kudancin Amurka mai jiki kamar faifai, shi ma yana zama da ita lafiya, sai dai ba ya barin ganye a tanki. Mai katafaren tanki da ke son kifayen Ostiraliya zalla yana iya haɗa ta da Bidyanus bidyanus, wanda a kogi ma maƙwabcinta ne, amma shi ma babban kifi ne mai ci da yawa, dole filita ta zama ƙaƙƙarfa.

Bayan na rasa ƙananan, sai na yi tsalle zuwa ɗaya gefen. Na ce tunda mai cin wasu ce, bari in haɗa ta da ƙarfafa. Na kawo kifayen siklid masu kare wuri. Nan kuma ita ce ta sha wuya. Fatarta ba ta da sulke, wutsiyarta doguwa ce mai kaɗawa, gashin bakinta a waje yake. Suka riƙa tsinkar ta suna kore ta daga kogo, har ta daina fitowa cin abinci, gefen wutsiyar ya yi fari ya fara ruɓewa. Girman jiki bai sa ta zama jaruma ba. Duk kifin da aka san shi da cizon fiffike ko mallake lungu, a raba su.

Sai batun masu zama a ƙasa irinta. Ƙananan tarwaɗun ado na Corydoras hatsari ne ga kowane ɓangare, saboda suna da ƙayoyi masu ƙarfi da suke miƙewa idan an kama su. In ta yi ƙoƙarin haɗiye ɗaya, zai iya maƙale mata a maƙogwaro, ka rasa duka biyun. Tandan biyu a tanki ɗaya kuwa, suna ƙanana za su kwanta jikin juna har ka ce aminai ne. Da sun girma kowa kaɗaici yake so, sai ka wayi gari ka ga tabon cizo a fatar ƙaramar. A kogi, lokacin da ruwa ya ɗumama zuwa wajen digiri 24, sukan tara tsakuwa su yi gida zagayayye wanda faɗinsa kan kai mita 1 zuwa 2, namiji ya tsaya gadin ƙwai. Kifin da gidan haihuwarsa ya fi tankinka faɗi, ka san bai saba da cunkoso ba. Guda ɗaya ta isa.

A shimfiɗa mata yashi mai laushi. Tsakuwa mai kaifi tana cinye gashin baki, kuma da shi take gane abinci. Duwatsu a ɗora su kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashi, domin tana tono, dutsen da ke kan yashi kuma zai iya zamewa ya danne ta ko ya fasa tanki. Ganyen da aka dasa tumɓuke shi za ta yi, gara irin wanda ake ɗaurewa a jikin itace. Hita, wato na'urar ɗumama ruwa, a sa mata kariya ta roba, don tandan tana son kwanciya a matsattsen wuri, fatar kuma ba ta jure ƙuna. Abinci a ba ta mai nutsewa bayan an kashe fitila, in ba haka ba su bakan gizo za su wawushe shi tun bai kai ƙasa ba. Tandan mai yunwa ita ce ke fara auna maƙwabta.

Wani abin da ya kusa kashe mini ita magani ne. Sabon kifi ya shigo da cutar fararen ɗigo, na zuba magani yadda aka rubuta a kwalba. Kifi marar ɓawo ba ya jure magungunan da ke da tagulla ko sinadarin malachite green yadda masu ɓawo ke jurewa. Ta koma numfashi sama-sama, sai da na sauya ruwa mai yawa sannan ta farfaɗo. A karanta kwalba a ga abin da aka ce game da marasa ɓawo, sau da yawa rabin awo ake ba su. Abin da ya fi wannan sauƙi shi ne duk sabon kifi ya yi mako huɗu a wani tanki daban kafin ya shiga cikin jama'a.

Ƙayoyinta kuwa ba na wasa ba ne. Tana da ɗaya a fiffiken gadon baya, ɗaya a kowane gefen ƙirji, masu zarto kuma masu dafi. Kada a kama ta da raga, ƙayar maƙalewa take yi, wajen ɓanɓarewa ka ji mata ciwo ita ma ta ji maka. A kora ta cikin robar da ke da murfi. Ni wajen cire ta daga raga ta soke ni a tafin hannu, raɗaɗin ya hau har gwiwar hannu. Idan haka ta faru, a tsoma wurin cikin ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure ba tare da ƙonewa ba, wajen digiri 45, yana rage zogi sosai. Idan guntun ƙaya ya karye a ciki, ko wurin ya kumbura yana ja, a tafi asibiti, a kuma duba batun allurar tetanus. Mai ƙananan yara a gida ya tabbata murfin tankin ba ya buɗuwa da sauƙi.

Wanda siffar ce ta burge shi amma ba shi da wurin babban tanki, akwai danginta na arewacin Ostiraliya da ba su kai ta girma ba, kamar Porochilus rendahli da ke tsayawa wajen santimita 20 da ɗoriya, da Neosilurus hyrtlii. Su ma suna da ƙaya, su ma ba sa barin ƙananan kifaye da dare. A kula kada a ruɗe da Plotosus lineatus, mai fararen zane a jiki wanda 'ya'yansa ke curewa wuri guda. Shi na ruwan gishiri ne, dafinsa kuma ya fi na sauran tsanani nesa ba kusa ba.

A sayi wadda aka ƙyanƙyashe a gonar kifi. Tandan ta ragu ƙwarai a kogunan Murray-Darling, ana ɗora laifin a kan kifin kaf (carp) da aka shigo da shi daga waje, da ruwan sanyi da madatsu ke saki a lokacin haihuwarta, har jihar New South Wales ta sanya na wannan yankin cikin jerin masu fuskantar ƙarewa. Wasu na ganin idan tasu ta fi ƙarfin tanki suka sake ta a kogi, taimako suka yi. A Ostiraliya doka ta hana, kuma kifin tanki yana iya kai wa na kogi cuta. Tun ranar saye ka tambayi mai shago ko zai karɓe ta idan ta girma, ko ka nemi mai tafkin gida da zai so ta.