Laraba, ranar shara a kwamfuta

Hazo ya rufe gari yau, ga sanyi, ɗaliban likitanci ba su fara leƙo ɗakin karatu ba sai wajen ƙarfe goma. Da na ga wurin shiru, sai na buɗe Feedly, manhajar da ke tara mini sababbin rubuce-rubucen kafofin da nake bi a intanet, na hau shara.

Tun da Google ya rufe irin tasa manhajar, Reader, a 2013 na koma Feedly, duk inda na ji an ce ga wata kafa mai amfani sai in ƙara. Sun taru kamar kwallayen jere, kullum ana ƙari, ba a cin tuwo a ciki. Yawancinsu na abokan sana'armu ne, ma'aikatan ɗakunan karatu na Amurka da Ingila. Mutane ne masu ilimi, ba na musu, amma damuwarsu daban: su suna cinikin kuɗin mujallu da manyan kamfanonin ɗab'i, mu kuwa da Hinari muke taƙama, shirin nan da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta fara a 2002 don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu mujallun likitanci kyauta ko da rahusa. Na goge su da yawa, zuciyata ko ɗar.

Waɗanda suka tsira ba su da yawa. Akwai sanarwar NLM, babban ɗakin karatun likitanci na Amurka, masu PubMed, rumbun neman takardun binciken likitanci, saboda duk shekara suna sabunta kalmomin MeSH da ake rarraba takardu da su, kuma wanda bai bibiya ba sai ya tarar binciken da ya ajiye bara yana tsallake takardu bai sani ba. Akwai Retraction Watch, masu bin sawun takardun da mujallu suka janye tun 2010. Wannan kam ba zan sake shi ba, musamman tun da Crossref, ƙungiyar da ke rajistar takardun bincike, ta karɓi rumbun bayanansu a 2023 ta buɗe wa kowa kyauta. Sai labaran ɓarkewar cututtuka na WHO, da 'yan mujallunmu na gida da ke AJOL, dandalin mujallun Afirka a intanet, irin su Annals of African Medicine ta Sakkwato.

Ina cikin haka wani matashin likita daga sashen manya ya yi sallama.

"Hajiya, barka da aiki. An ɗora mini gabatarwa kan zazzaɓin Lassa ranar Litinin, kuma Oga ya ce ba ya son tsohon zance."

"Zauna, Dakta. Ka duba rahoton NCDC na wannan makon?"

Ya ɗan sosa ƙeya. Takardun Turai ya tara a waya, masu kyau ma, amma bai san NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa da ke Abuja, tana fitar da rahoton Lassa duk mako ba, jiha-jiha, da waɗanda aka tabbatar sun kamu, da waɗanda suka rasu, har da ma'aikatan lafiya da cutar ta taɓa. Abin ya tsaya mini a rai. Cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, wadda rani ne lokacin tashinta, Bauchi nan kusa da mu tana cikin jihohin da ta fi addaba tare da Ondo da Edo, amma sai yaronmu ya tsallaka teku neman labarinta. Ba laifinsa ba ne, haka aka koya musu neman hujja.

Na nuna masa yadda zai buɗe asusu a PubMed, ya haɗa Lassa da ribavirin, maganin da ake ba masu cutar, ya danna maɓallin ajiye bincike don sababbin takardu su riƙa zuwa imel ɗinsa. Na ce ya zaɓi mako-mako, don na kullum ba mai karantawa, ranar da yake kwanan asibiti balle.

Ana kiran azahar aka ɗauke wuta, inji kuma sai da aka jima kafin a tada shi. Da yamma na buga rahoton NCDC na manna a allon bakin ƙofa, na ce wa Malam mai kula da rajista duk fitowar sabo ya cire tsohon ya sa shi a fayil.