Kwaɗo mai goyo

Yau na leƙa wurin maƙwabcina a nan Jamus, na tarar da shi durƙushe gaban akwatin gilashin da yake kiwon kwaɗinsa masu dafi. Ya yafito ni da hannu, wai in zo a hankali. Wani shuɗin kwaɗo ne mai ɗigon baƙi, bai kai babban yatsana ba, ɗauke da 'ya'yansa masu wutsiya manne a gadon bayansa, yana neman ruwan da zai sauke su. Na ce, "Uwar ce?" Ya ce a'a, uban ne. Ƙwan ma da aka saka a ƙarƙashin ƙoƙon kwakwa, shi ya yi ta jiƙa su kusan mako biyu har suka ƙyanƙyashe. Wallahi sai da na ja kujera na zauna.

Asalinsu dajin Suriname ne a Kudancin Amurka. Ɗan'uwansu mai ruwan zinare na Kolombiya kuwa, mafarautan ƙabilar Emberá kan goga tsinin makaminsu a bayansa don tsinin ya ɗauki dafi. Amma waɗanda aka haifa a gida ba su da dafi, domin daga tururuwa da ƙananan ƙwarin daji suke samunsa, nan kuwa ƙananan ƙudaje marasa tashi ake ba su. Duk da haka, da ya buɗe murfin zai fesa ruwa, sai da na matsa baya. Har yanzu ina mamakin yadda ɗan abin nan ya san aikinsa, alhali bai taɓa ganin daji ba.