Tuwo daban, wa'azi daban: ga matasan da ke son yin hidima a Sudan

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, saƙonnin matasan ikkilisiya ba su yanke mini ba. Wannan daga Malumfashi, wancan daga Kagoro, wata ɗalibar makarantar Littafi Mai Tsarki, duk tambayarsu ɗaya: Mama, in hanya ta buɗe muna so mu je Sudan mu yi wa Ubangiji hidima, me za mu tanada? Tambayar tana faranta mini rai. Amma amsarta ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuta muku abin da na koya, kuma yawancinsa sai da na ɓata sannan na koya.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru ina aiki da wata ƙaramar ikkilisiya a Sudan, da farko a gefen Khartum, daga baya a Rabak, jihar Farin Nil. Ku fara sanin waɗanda za ku tarar. 'Yan'uwanmu masu bi a can yawancinsu mutanen Duwatsun Nuba ne, da 'yan Kudu da suka rage bayan rabuwar ƙasar a 2011. Muna da dangantaka da su ta tarihi: mishan ɗin SIM da SUM, waɗanda aikinsu ya haifi ECWA da COCIN a gida, su ne aikinsu ya haifi Sudan Interior Church da Sudanese Church of Christ a can. Su kansu talakawa ne, leburori da masu sayar da shayi a bakin titi da masu aikatau. Amma sun riga ku sanin hidima. A sansanonin Mayo da Jabal Auliya da Wad al-Bashir da Dar al-Salam, inda aka tara waɗanda yaƙin Kudu ya kora a shekarun 1990, sun kafa rumfunan da ke zama aji a ranakun mako, su zama majami'a ran Lahadi. Ba koya musu za ku je yi ba.

Za ku kuma tarar da Hausawa, da yawa fiye da yadda kuke zato. Wasu kakanninsu sun taso a ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare, suka zauna. Wasu sun biyo hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas har ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Wasu aikin auduga na Jazira ne ya ja su bayan an buɗe shi a 1925. Suna Gadarif, suna Kasala, suna Damazin, ana kiransu Fallata ko Takari, kuma har yau akwai masu ce musu baƙi a ƙasar da aka binne kakanninsu. Kusan dukkansu Musulmi ne, masu riƙo, masu makarantun allo. Ranar da kuka yi musu sallama da Hausa za su buɗe muku ƙofa har cikin ɗaki. Wannan buɗe ƙofar amana ce, kuma a nan na fara yin kuskure.

A Yulin 2022 faɗa ya tashi a jihar Shuɗin Nil tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin kan filaye da sarauta, ya sake tashi a Oktoba a wajen Wad al-Mahi. An kashe mutane da yawa, an ƙona unguwanni. Jama'a suka watse, wasu Sinnar, wasu Jazira, wasu suka iso mana Farin Nil suna kwana a azuzuwan makaranta. Ikkilisiyarmu ta yi baiko na musamman, zumuntar mata ta ƙara da nata, muka sayi dawa da adas, wato wani irin ƙaramin wake, da man girki. Ni kaɗai ke jin Hausa a cikinmu, saboda haka aka sa ni gaba. Zuciyata ta cika, na ce wannan ƙofa ce Ubangiji ya buɗe. Na tsara yadda za a yi: a tara mata a tsakar makarantar, in yi waƙa da Hausa, in karanta aya, in yi gajeren wa'azi, a yi addu'a, sannan a buɗe buhuna.

Mata sun zauna a rana da kwanukansu a cinya, da goyo a baya, ba wadda ta ce uffan. Na ɗauki shirunsu a matsayin saurare. Akwai wata tsohuwa da ta zauna a gaba, lulluɓe da tsohon mayafi mai ƙunar wuta a gefe ɗaya, tana jan carbi a ƙarƙashinsa. Da na gama aka fara awo, layi ya zo kanta, sai ta miƙe ta kifa kwanonta a ka ta koma ajin da suke kwana. Na aika yarinya ta kira ta, ta ce a gode mini. Rabon da ya biyo baya mata suka ragu, waɗanda suka zo kuma ƙananan yara suka fi yawa, an aiko su da kwano.

Wani dattijo, malamin allo ne a garinsu kafin a kore su, shi ya aiko a kira ni. Na same shi a kan buhun da ya shimfiɗa a gindin bango. Ya ce, “Ɗiyata, zauna.” Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, “Harshenmu muka ji a bakinki, muka ce 'yar gida ta zo. An ƙona mana ɗakuna, an kore mana awaki. Abin da muka fito da shi a hannu addininmu ne kaɗai. Shi ma sai mun ajiye shi a bakin ƙofa kafin a auna mana dawa?” Na ce, “Baba, ai ban tilasta wa kowa ba.” Ya ce, “Ke ba ki tilasta ba. Yunwa ta tilasta.”

'Ya'yana, ku riƙe wannan magana. Mutumin da yaransa suka kwana ba su ci ba ba shi da ikon tashi ya bar wa'azinka, kuma wanda ba shi da ikon tashi, zamansa ba amincewa ba ce. Na koma na sake karanta Bishara da wannan a raina. Yesu ya warkar da kutare goma, ɗaya kaɗai ya dawo ya yi godiya, bai janye warkarwar sauran taran ba. Basamariyen nan na Luka 10 ya ɗaure wa mutumin raunukansa, ya biya masa kuɗin masauki, bai tambaye shi a wane dutse yake sujada ba. Taron da aka ciyar da gurasa biyar da kifi biyu su suka biyo shi da ƙafarsu don su ji shi, ba a riƙe gurasa aka ce sai sun saurara ba. Ban ga wuri ɗaya da Ubangijinmu ya sa wa jinƙansa farashi ba.

Ba ina cewa ku ɓoye bangaskiyarku ba. Kowa a makarantar nan ya san ni Kirista ce, ya san dawar daga baikon majami'a ta fito, kuma ban taɓa musun haka ba. Bayan mun daina wa'azi a wurin rabo, hira ta fi yawa. Ina wanke wa yaro gyambo, uwarsa ta tambaye ni me ya rabo ni da gida, me muke cewa game da Annabi Isa. In amsa mata da gaskiya, da ladabi, kamar yadda Bitrus ya umarta a wasiƙarsa ta fari, ita ma ta faɗa mini nata. Ta ga dama ta tambaya, ta ga dama ta yi shiru, kason dawarta ba ya raguwa. Ku kuma tuna da wanda zai ɗauki nauyin gangancinku. An soke hukuncin ridda daga dokar Sudan a Yulin 2020, amma maganar unguwa ba a soke ta da takarda. In aka ce wance tana zuwa wurin masu coci tana sayar da addininta da dawa, ku za ku koma gida wata rana, ita ce za ta zauna da surukanta da maƙwabtanta.

Abu na biyu shi ne rubuta sunaye. Ni na riƙe littafi da biro, na rubuta duk wanda ya zo gabana. To wa ke zuwa gaba? Mai ƙarfi, mai baki, mai 'ya'ya maza. Sai da aka jima wata mata ta ja ni gefe ta ce, “Yaya, zo ki gani.” Ta kai ni aji na can ƙarshe. Mata ne a ciki waɗanda aka kashe musu maza, suna takaba, wata huɗu da kwana goma ba sa fita yawo balle su shiga layi cikin jama'a. Da masu jego, da wata makauniya. Waɗanda suka fi kowa buƙata, babu sunan ko ɗaya a littafina. Irin wannan ne ya faru da ikkilisiyar farko a Ayyukan Manzanni 6, da aka riƙa tsallake matan masu jin Helenanci da mazansu suka mutu a rabon yau da kullum. Manzanni ba su ƙara ƙwazo wajen riƙe littafi da kansu ba. Sun ce jama'a su zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin, kuma duk bakwai ɗin sunayensu na Helenanci ne. Haka muka yi daga baya: matan suka zaɓi nasu, dattawansu suka shaida, ana awo a fili da malwa ɗaya, wato mudun awon can, ga kowa, kason masu takaba kuma a kai musu har ɗaki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na kuma yi fushin da bai kamata ba. Na ga irin man da muka raba a kasuwa, na dawo ina cewa an ci amanarmu. Ashe dawa tsaba muka bayar, ba mu ba da kuɗin niƙa ba. Adas muka bayar, ba gawayi. Ba weka, wato busasshiyar kuɓewar miya, ba gishiri, ba sabulu. Macen da ta sayar da rabin manta don ta niƙa dawa ta hura wuta ta fi ni sanin lissafin tukunya. Kafin ku sayi komai, ku zauna kusa da murhu ku ga abin da ake buƙata daga tsaba har zuwa loma. Kuma abin da ya fi buhunanmu daɗewa shi ne ɗan jarin da muka ba wasu mata. Sana'ar tana hannunsu tun fil azal: suyar gyaɗa, dama godogodo, mazansu kuma kowa a Sudan ya san agashen Hausawa. Suka kafa adashinsu, wanda a can ake ce wa sanduk, ba mu muka koya musu ba.

Hotuna kuwa, na ɗauka na aika gida don a ga inda baiko ya tafi, har wata ta ga fuskarta a Facebook a wayar ɗan'uwanta, tana miƙa kwano. Ku ɗauki hoton buhu da rasit, ya isa shaida.

A Mayun 2023, yaƙi na ci a Khartum, sai rikici ya tashi a Kosti, tsallaken kogi daga Rabak, tsakanin Hausawa da Nuba, aka rasa rayuka. Ku duba inda muka tsaya: ikkilisiya ta Nuba, waɗanda muke yi wa hidima Hausawa. Da mun ci gaba da yadda na fara, da a ranar ba mai karɓar ko ruwa daga hannunmu. Abin da ya riƙe mu shi ne matan zumunta da matan Hausawan nan sun riga sun yi watanni suna awo tare, sun san sunayen 'ya'yan juna. An tsorata, an kwana biyu ba a fita ba, amma tukunya ba ta mutu ba.

Yaƙin nan ya nuna abin da 'yan Sudan ke iya yi wa kansu. Takaya, wato ɗakunan girkin unguwa, da kwamitocin agajin gaggawa na matasa, su suka ciyar da unguwanni a lokacin da manyan ƙungiyoyi suka kasa shiga. Masallatai sun dafa, majami'u sun dafa, gidan sistocin Katolika na Dar Mariam a unguwar Shajara ya ɓoye mata da yara a tsakiyar ruwan harsashi. In kun je, ku nemi tukunyar da ke kan wuta ku ƙara mata itace. Kada ku kafa taku a gefe don a ga allon sunan cocinku.

Kuskurena na ƙarshe shi ya fi yi mini ciwo, domin ban gane shi ba sai da na bar ƙasar. Makullin ɗakin ajiya yana hannuna, littafin lissafi yana jakata, masu aiko da gudummawa ni kaɗai suka sani, kuɗin kuma ta manhajar Bankak da ke wayata yake shigowa. Ranar da tafiya ta kama ni na bi ta kan iyakar Joda na tsallaka Renk a Sudan ta Kudu, aikin ya tsaya cik na wani lokaci, ba don matan ba su iya ba, sai don ban taɓa sakin komai na ba su ba. Tun ranar farko ku sa mutum biyu na wurin su san inda kuɗi ke fitowa da inda yake tafiya, ku haɗa su da masu bayarwa kai tsaye.

Game da abin da za ku tanada: kada ku tashi sai ikkilisiyar can ta gayyace ku kuma taku ta aike ku, kada kuma ku shiga wurin da ake harbi ku zama ƙarin nauyi a kan masu masaukinku. Ku koyi Larabcin Sudan, Hausa kaɗai ba za ta ishe ku ba. Ku zo da sana'a a hannu, jinya ko unguwarzoma ko koyarwa ko gyaran famfo. Kwalara ta ɓarke a Gadarif a 2023, ta sake ɓarkewa a Kosti a farkon 2025 bayan harin da ya lalata wutar lantarki ya tsayar da ruwan famfo, jama'a suka koma ɗiban ruwan kogi. Saboda haka ko ba ku karanci jinya ba, ku iya haɗa ruwan gishiri da sukari da ka: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ku koya wa uwaye har su iya haɗawa ba ku a wurin.