Numfashi 50 a minti: lafiya ga jariri, haɗari ga kaka

A aikin jinya da nake yi a Zariya, ba na yarda da wani awo sai na san shekarun mai shi. Jariri ɗan kwana biyar da ke numfashi sau 50 a minti lafiyarsa lau, sai ya kai 60 nake damuwa. Ɗan shekara uku kuwa da ya kai 40 muna zargin limoniya. Babban mutum nasa 12 zuwa 20 ne. Ina ƙirga na jariri minti guda cif, yana kwance shiru, domin numfashinsa yakan yi sauri ya ɗan tsaya ya ci gaba.

Babban abokin gabar sabon haihuwa sanyi ne, musamman da hunturu. A tsane shi, a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, a sa masa hula, a jinkirta wanka zuwa awa 24. Zafin jikinsa ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. A ba shi ɗakashi cikin awar farko. Cibiya kuma man chlorhexidine ya ishe ta; gasa ta da tsumma ko shafa mata man goge baki hanya ce ta shigar ƙwayar cuta. Zai ɗan rame a makon farko, har kashi 10 cikin 100, ya maido cikin mako biyu. Abin da ba na jira a kansa shi ne ƙin kama nono, ko shawara da ta bayyana a ranar haihuwa.

Mai jego ma majinyaciya ce, ko da hankalin gida duk ya koma kan jariri. Tun shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka rubuta yadda ciwon zuciya ke yawan kama masu jego a ƙasar Zazzau, suka danganta shi da kunun kanwa, wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Don haka nakan tambaya: "Ƙafa ta kumbura? Kina iya kwanciya ba matashi?" Kaka nake fara lallashi, don ita ke dama kunun. "Hajiya, a rage kanwar, a surka ruwan" ya fi shiga kunne a kan "a daina".

Daga wata shida, lokacin fara kunu da rarrafe, gudawa ke yawaita, sai a ce haƙori ne. Haƙori ba ya sa maɗiga ta faɗa. Dattin hannu da na ƙasa da na kwano ne ke kawo gudawar. A haɗa ORS, garin gishiri da sukari na gudawa, da adadin ruwan da aka rubuta a ledar, a zubar bayan awa 24, a ba da zinc miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14. Ina auna damtse da tef: ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani. Yaron da ya kai wata 18 bai taka ba ina tura shi likita ya duba. Maganin yara da nauyi ake lissafa shi, farasitamol miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo, allurar jarirai kuma a cinya, don a kauce wa jijiyar da ta bi ta ɗuwawu.

Budurwa ko saurayi ba sa faɗin gaskiyar ciwo a gaban iyaye. Nakan roƙi uwa ta ba mu minti biyar. Magidanci kuwa hawan jini ne ke cinsa ba ya ji. 140/90 a awo biyu na ranaku daban ya isa a fara magana, kuma a gaya masa ba a ajiye maganin don kai ya daina ciwo.

Tsofaffi su ne suka fi ɓoye cuta. Ƙishirwa tana raguwa da shekaru, zazzaɓi ma ba lallai ya fito ba. Tsohon da jiya yake lafiya yau ya rikice yana kiran matattu, kafin a ce rikicin tsufa ne ko iska, ina duba fitsarinsa, sukarinsa, ƙirjinsa da ruwan da ya sha, balle a zafin Maris da Afrilu. Rikicin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni.

Wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar a juya shi duk awa biyu, dare da rana. Ina duba ƙashin gindin baya, kwatangwalo da dunduniya. A baƙar fata ja ba ya nunawa sosai, sai wurin ya yi duhu, ya yi ɗumi ko tauri. Nan gyambo zai fashe. Kada a murza wurin, a ɗauke masa nauyi da matashi, zanin gado ya bushe kuma ba tattara. In za a ba shi abinci a zaunar da shi sosai, kunu mai kauri cokali-cokali, a bar shi a zaune rabin awa. Ya yi tari ko muryarsa ta jiƙe bayan haɗiya, a dakata a kira mu, don abincin hanyar huhu yake bi.